Naheed Nenshi: Magajin Garin Da Aka Roƙa Ya Je Ya Yi Barci

Ko'ina ka je a duniya, kukan talakawa game da masu mulki kusan ɗaya ne: sun yi barci, a tashe su. Sau ɗaya na taɓa ganin an juya maganar. A watan Yunin 2013 mutanen birnin Calgary da ke lardin Alberta, a yammacin Kanada, suka cika Twitter da roƙo guda, wai magajin garinsu ya yi wa Allah ya je ya ɗan runtsa. Mutumin ya shafe awa 43 idonsa biyu, ruwa ya cinye tsakiyar birni, shi kuwa yana tsaye gaban na'urar ɗaukar hoto yana gaya wa jama'a wace gada aka rufe, wace unguwa za a kwashe. Sunansa Naheed Nenshi. Gara in faɗa tun yanzu, ni ɗan gani-kashe-ninsa ne. Mai neman sharhin da aka auna a sikeli sai ya nemi wani marubucin, ni yabo na zo yi, kuma ina da hujja.

Iyayensa Musulmi ne mabiya Isma'iliyya, asalinsu Gujarat ta Indiya, amma daga Tanzaniya suka taso. Sun isa Kanada a 1971 mahaifiyarsa na ɗauke da cikinsa, aka haife shi a Toronto ranar 2 ga Fabrairun 1972. Yana ƙarami suka koma Calgary, ya girma a Marlborough, wata unguwa a arewa maso gabashin birnin inda baƙi da masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa. Ya yi digiri kan harkar kasuwanci a Jami'ar Calgary, har ya shugabanci ƙungiyar ɗalibai, ya wuce Harvard ya samo digiri na biyu a 1998, ya yi aiki da kamfanin McKinsey. Irin wannan takarda kan kai mutum New York ko Landan ya yi zamansa. Shi sai ya tattaro ya dawo gida, ya kama koyarwa a babbar makarantar Mount Royal, yana rubuta wa jaridar Calgary Herald maƙala kan abubuwan da ke sa mutane hamma: kasafin kuɗin birni, motocin haya, da yadda gari ke ta faɗaɗa zuwa daji ba tare da an tambayi wa zai biya kuɗin titi da bututun ruwa ba. A 2004 ya nemi kujerar kansila ya sha ƙasa.

To, sai 2010. Don a gane abin da ya faru, dole a san wane irin gari ne Calgary. Nan ne hedikwatar kamfanonin mai da iskar gas na Kanada. Gari ne na masu kiwon shanu da malafa da dogon takalmi, kuma cibiyar masu ra'ayin 'yan mazan jiya. Firaministan lokacin, Stephen Harper, mazaɓarsa tana cikin birnin, jam'iyya ɗaya kuma ke riƙe da lardin tun 1971. Da magajin gari Dave Bronconnier ya ce ba zai sake tsayawa ba, kowa ya ɗauka takarar ta mutum biyu ce: Ric McIver, gogaggen kansila mai tsantseni da kuɗin gwamnati, da Barb Higgins, wadda ta shafe shekaru tana karanta labarai a talabijin, kowane gida an san fuskarta. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a Satumba ta ba malamin jami'ar nan kashi 8 cikin ɗari. Takwas! Wata guda kacal ya rage.

Abin da ya yi a wannan wata guda shi ne ya fara sace mini zuciya. Masana kamfe suna koya wa ɗan takara ya riƙe kalma uku ya yi ta maimaitawa, domin a ganinsu mai zaɓe ba ya da haƙurin sauraro. Nenshi ya ƙi. Ya ce zai yi siyasa da cikakkun jimloli, ya fitar da shawarwari 12, kowace da bayaninta dalla-dalla, kan sufuri da binciken kuɗin birni da ɗakunan haya da sauransu. Magoya bayansa suka riƙa buɗe falonsu, a tara maƙwabta a dafa gahawa, shi kuma ya zo ya zauna a yi ta jefa masa tambaya. Matasa suka bi titi suna rubuta sunansa da alli a daɓen gefen hanya. A Facebook da Twitter da kansa yake amsawa, a lokacin da yawancin 'yan siyasa ke kallon waɗannan kafofi a matsayin wasan yara. Launin kamfen ɗinsa shunayya ne, wato gaurayen ja na jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi da shuɗi na 'yan mazan jiya, yana nufin kowa ya zo. Ranar 18 ga Oktoban 2010 ya samu ƙuri'a sama da 140,000, ya ba McIver tazarar kusan 28,000. Fitowar masu zaɓe ta tashi daga kusan kashi 33 a zaɓen baya zuwa 53. Yana da shekara 38, ya zama Musulmi na farko da ya shugabanci wani babban birni a Arewacin Amurka, shekara shida kafin Landan ta zaɓi Sadiq Khan. Mako guda bayan haka Toronto, wadda ke taƙama da wayewa tana kallon Calgary a matsayin ƙauyen makiyaya, ta zaɓi Rob Ford. Duk wanda ya san yadda mulkin Ford ya kaya zai gane dalilin da mutanen Calgary suka shekara suna dariya.

Wani abin da ke burge ni, batun addininsa bai zama abin kamfe ba, shi bai tallata ba, abokan takararsa ba su soka ba. Sai washegari da jaridun duniya suka yi caa a kai ne mutanen garin suka ɗaga kafaɗa. Shi ma ya sha nuna cewa ya fi son a tambaye shi zancen titi.

Kada mai karatu ya ɗauka magajin garin Calgary wani gwamna ne mai yanka da gindin takobi. Majalisar birnin mutum 15 ce, kansiloli 14 da shi, kuma ƙuri'arsa ɗaya tak kamar ta kowa. A zamaninsa babu jam'iyya a siyasar birni, balle ya ce 'yan jam'iyyarsa su bi layi. Sama da shi kuma akwai gwamnatin lardi, domin a tsarin Kanada birane ba su da wani iko sai wanda lardi ya ara musu. Duk abin da yake so sai ya nemo mutum bakwai su yarda da shi, kowane lokaci daga farko. Ka duba maganar hanyar ƙarƙashin filin jirgin sama. Ana shirin shimfiɗa sabon titin tashin jirage da zai datse wata babbar hanya a arewa maso gabas, ɓangaren da Nenshi ya tashi. Nenshi ya dage a haƙa hanyar mota a ƙarƙashi tun kafin a zuba kankare, domin in an gama titin jirgi, kuɗin zai ninka. Kusan dala miliyan 295 ta Kanada ake magana. A farkon 2011 aka kaɗa ƙuri'a, takwas suka amince, bakwai suka ƙi. Da ƙuri'a ɗaya! A 2014 aka buɗe hanyar. Mutumin da ba ya da sanda sai baki, dole bakin nan ya iya aiki, nasa kuwa ya iya.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga 19 ga Yunin 2013 aka tafka ruwan sama a kan tsaunukan Rocky, a wasu wurare sama da milimita 200 cikin ƙasa da kwana biyu, ya sauka a kan dusar ƙanƙarar da ba ta gama narkewa ba. Calgary kuwa a mahaɗar koguna biyu take, Bow da Elbow. Bow ya ninka yadda ya saba gudu sau takwas, Elbow sau goma sha biyu. Aka umarci mutum kusan 75,000 su bar gidajensu a unguwanni 26, da yawansu cikin dare. Tsakiyar birni, inda dogayen benayen kamfanonin mai suke, ya zama kufai babu wuta. Ruwa ya shiga Saddledome, babban zauren wasan hokin ƙanƙara, ya haɗiye layukan kujerun ƙasa. Gidan namun daji da ke kan tsibiri ya nutse, har ma'aikata suka kwana suna fargabar kada dorina ta fice ta bi kogi.

Ku nemi faifan tarukan manema labaran da ya yi a kwanakin nan, suna nan a YouTube. Ga shi tsaye, ido ya yi luhu-luhu, gashi a hargitse, kusa da shi Bruce Burrell shugaban 'yan kwana-kwana kuma mai kula da agajin gaggawa. Ba ya kuka, ba ya cika baki, ba ya cewa komai na tafiya daidai. Sai ya ce ga yawan ruwan da ke wucewa yanzu, ga abin da ake tsammani nan da awa shida, unguwa kaza kada kowa ya koma, ruwan famfo lafiyarsa lau amma a rage wanka da wanki. Da tsakar dare ma yakan fito, don ya san akwai wanda ke kwance a ɗakin taro na makaranta yana tunanin gidansa. Yana yi wa mutane magana kamar manya masu hankali waɗanda za su iya ɗaukar gaskiya, su kuma suka ɗauka. Da ya hango wasu suna shawagi da kwalekwale a kan Bow ana tsakiyar wannan tashin hankali, sai ya ce yana da sunaye da yawa da suka dace da su, amma an hana shi furta ko ɗaya. Gari ya fashe da dariya a ranar da ba ta dariya ba, kuma saƙon ya isa fiye da a ce ya yi barazanar kamu.

Abin da ya faru a filin wasa na McMahon shi ne ƙololuwa a wajena. Hukumar birni ta nemi 'yan sa-kai 600 su zo a rarraba su unguwanni don kwashe laka. Da safe aka tarar da kusan 2,500, da takalman roba da shebur da bokiti. Takardun rajista suka ƙare, motocin da aka tanada suka cika. Wani jami'in da ya fi tsoron doka da ya ce a koma gida sai an sake shiri. Nenshi ya tsaya gaban taron ya ce musu ba sauran takarda, ba sauran kujera, amma kun san unguwannin da abin ya shafa, ku tafi kawai ku ƙwanƙwasa ƙofa ku taimaka. Suka watsu cikin gari. Baƙo ya shiga ƙasan gidan wanda bai taɓa gani ba yana fito da katifa mai ɗoyi da jiƙaƙƙen bango. Mako biyu bayan ambaliyar, ranar 5 ga Yuli, aka buɗe bikin Stampede na shekara-shekara, wanda shi ne wa Calgary kamar yadda hawan sallah yake wa Kano, a filin da kwanaki kaɗan baya ruwa ya shafe. Asarar lardin gaba ɗaya ta haura dala biliyan biyar, garin High River da ke kudu ma ya fi Calgary shan wuya, amma a cikin birni mai mutum sama da miliyan rai ɗaya aka rasa.

A watan Oktoba na shekarar aka sake zaɓensa da kusan kashi 74. A Fabrairun 2015 gidauniyar City Mayors ta ba shi kyautar gwarzon magajin gari na duniya ta 2014, ɗan Kanada na farko da ya samu, sanarwar kuma ta faɗo daidai ranar haihuwarsa. Wannan gwarzon na duniya shi ne dai mutumin da, a lokacin, in kyanwarka ko karenka ya ɓata ka sa hoto a Twitter, zai yaɗa wa dubban mabiyansa a taya ka nema. Ni wannan ɗabi'a ta fi kyautar burge ni.

Da maganar addini ta zo da gaske, bai noƙe ba. A zaɓen tarayya na 2015 gwamnatin Harper ta kafe cewa mace ba za ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa da niƙabi ba, duk da wata mata mai suna Zunera Ishaq ta kayar da ita a kotu. Nenshi, wanda ba ya cikin takarar kuma birninsa cike yake da magoya bayan Harper, ya fito ya ce wannan wasa ne mai haɗari da ake yi da zaman lafiyar jama'a don neman ƙuri'a. Minista Jason Kenney ya mayar da martani cewa magajin garin da mutane irinsa ne ke siyasantar da batun. Mutane irinsa? Nenshi ya amsa a Twitter cewa bari a ɗauka ministan na nufin mutane masu tunani. Shi ke nan. Ba zagi, ba ihu, dubban 'yan Kanada suka shiga bayyana kansu a matsayin mutane irin Nenshi. A 2019 kuma majalisar birninsa ta yi murya ɗaya ta yi tir da dokar lardin Quebec da ta hana malaman makaranta da 'yan sanda da wasu ma'aikata sa alamar addini a bakin aiki.

Ayyuka fa? A 2017 birnin ya fito da katin hawa bas da jirgin ƙasa na wata-wata wanda farashinsa ke bin ƙarfin aljihu, mafi talauci ya biya dala biyar da 'yan kai, abin da ya yi wa sauran biranen ƙasar nisa. Sai babban ɗakin karatu da aka buɗe ranar 1 ga Nuwamban 2018 kan dala miliyan 245. An fara tunaninsa tun kafin Nenshi, amma a hannunsa aka gina. Kamfanin Snøhetta na Norway da Dialog na Kanada suka zana shi, suka ɗora shi a kan layin dogo, jirgi na ratsawa ta ƙarƙashinsa yara na karatu a sama. Mashigarsa wata ƙatuwar baka ce ta jan katako, ciki kuwa matakala na zagayawa suna hawa, hayaniyar yara a ƙasa, shiru na ƙaruwa yadda kake yin sama. Katin shiga kyauta ne. Ga yaron da ya sha cewa makarantar gwamnati da ɗakin karatun gwamnati ne suka yi shi, wannan biyan bashi ne.

Masu sukarsa suna da abin faɗa, na sani. Sun ce yana ji da kansa, yana yi wa kansiloli magana kamar ɗalibai. E, wani lokaci yakan yi, bakin nan mai daɗi yana da kaifi. Kalaman da ya yi kan wani attajirin mai gina gidaje, Cal Wenzel, sun jawo masa ƙarar ɓata suna ta dala miliyan shida a 2013, sai a ƙarshen 2015 aka sasanta bayan ya janye wasu kalaman ya ba da haƙuri. Ya goyi bayan birnin ya nemi karɓar wasannin Olamfik na hunturu na 2026, jama'a suka ce a'a da kashi 56 a Nuwamban 2018. Bayan faɗuwar farashin mai a 2014, benayen tsakiyar gari suka zama wayam, kusan kashi uku cikin goma na ofisoshi ba kowa, nauyin haraji ya koma kan ƙananan 'yan kasuwa, suka yi kuka mai zafi. Layin dogon da ya ci buri a kai, Green Line, ya bar ofis bai ga jirgi a kansa ba. Duk na yarda. Amma ku duba zaɓen 2017: masu ƙungiyar hoki ta Flames na fushi da shi don ya ƙi a zuba musu kuɗin jama'a yadda suke so a sabon filin wasa, wani kamfanin jin ra'ayi na ta shelar cewa abokin takararsa Bill Smith ya yi masa fintinkau, ga zagin launin fata da na addini a intanet. Aka ƙirga ƙuri'a, Nenshi 51, Smith 44. Da Olamfik ta faɗi kuwa, ya karɓi hukuncin jama'a bai yi ƙorafi ba. A Afrilun 2021, bayan ya ja birnin cikin annobar korona, ya ce wa'adi uku sun isa, ba wanda ya kore shi. Jyoti Gondek ta gaje shi.

Na ɗauka labarin ya ƙare ke nan. Ashe da saura. A Janairun 2024 Rachel Notley, wadda ta karya mulkin shekara 44 na 'yan mazan jiya a 2015 ta yi firimiya, wato shugabar gwamnatin lardi, har 2019, ta ce za ta sauka daga shugabancin jam'iyyar NDP ta Alberta. Ranar 11 ga Maris mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gudun katin jam'iyya ya shiga takara, yana cewa ba zai iya zuba ido kan yadda gwamnatin Danielle Smith ke tafiyar da lardin ba. Ita Smith ɗin tare suka yi zamani a Jami'ar Calgary, sun san juna tun suna matasa masu son gardama. Abin da ya biyo baya sai ka ce almara. Jam'iyyar da ke da 'yan kati kimanin 16,000 ta wayi gari da sama da 85,000. Mako biyu da shigarsa, ɗaya daga cikin manyan 'yan takara, Rakhi Pancholi, ta duba alƙaluman sababbin mambobi ta janye ta mara masa baya. Ranar 22 ga Yuni ya lashe da ƙuri'a 62,746, kashi 86, a zagayen farko, ya bar tsofaffin ministoci biyu, Kathleen Ganley da Sarah Hoffman, can baya. Launin jam'iyyar ruwan lemo ne, shi kuwa bai yar da shunayyarsa ba, ya haɗa su biyun a wuya.

Shekara guda ya yi yana jagorantar jam'iyya ba shi da kujera a majalisar lardi, Christina Gray na riƙe masa fagen a ciki, shi yana zagaya garuruwa. A wannan tsakanin ya shawo kan jam'iyyar ta daina tilasta wa mambobinta zama 'yan NDP ta tarayya kai tsaye, domin a lardin da ke cin abinci da mai, wannan alaƙa ta daɗe tana zame musu ƙarfen ƙafa. Ranar 23 ga Yunin 2025 ya ci zaɓen cike gurbi a Edmonton-Strathcona, tsohuwar mazaɓar Notley, da sama da kashi 80. Ku san wa ya tarar a kujerar kakakin majalisa? Ric McIver, wanda ya kayar a 2010. Yanzu sai McIver ya ba shi izini yake miƙewa ya yi magana. Kai, siyasa!

Aikin da ke gabansa ya fi na baya tsauri, ba na yaudarar kaina. Majalisar kujera 87 gare ta a zaɓen 2023, jam'iyyar UCP ta Smith ta kwashi 49, NDP 38. NDP ta share duk kujerun Edmonton 20, ta ci 14 cikin 26 na Calgary, amma a karkara da ƙananan garuruwa kusan ba ta da komai, can kuma ne masu kiran Alberta ta ɓalle daga Kanada suka fi ƙarfi, kiran da Nenshi ke yaƙa ba ɓoye-ɓoye. An taɓa yin magajin garin Calgary da ya zama firimiya, Ralph Klein, daga 1992 zuwa 2006, sai dai shi ta ƙofar 'yan mazan jiya ya shiga, ƙofar da a buɗe take. Nenshi ta ƙunƙuntar yake son bi. A lissafin 2023 kujera shida ce tsakanin NDP da mulki, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka rasa da ƙaramar tazara suna cikin unguwannin Calgary ne, inda aka zaɓe shi sau uku. An tsara zaɓe na gaba a Oktoban 2027. Ni dai na riga na san inda zan kasance a daren, da waya a hannu, ina bin sakamakon Calgary mazaɓa bayan mazaɓa.